Tambaya da Amsa: Gajeriya ce ni, wane keke zai kai ni Argungu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina gaisuwa. Ni malamar makaranta ce a Mabera, nan cikin Sakkwato. Maigidana yana da keke, duk hunturu yakan fita da abokansa su yi Bodinga ko Wamakko su dawo. Bana Argungu suke shiri, da kwana a hanya, kuma ya amince in bi su tunda ƙanwarsa ma tana cikin tafiyar. Matsalata tsawo, mita 1.50 nake. Na iya keke tun ina yarinya, amma duk wanda na gwada a kasuwa ya fi ƙarfina, in na tsaya sai na karkace kafin ƙafata ta taɓa ƙasa. Mai shago ya ce in saya kawai a sauke sirdi. Wani kuma ya nuna mini na yara. Kuɗina na adashe ne, ba su da yawa. Mi zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Keken nan da aka ce a sauke miki sirdinsa, bar wa mai shago abinsa. Ni ma da kaɗan na ɗara ki tsawo, don haka na sha jin wannan magana. Sauke sirdi nisan ƙafa da feda kawai yake ragewa. Bai rage tsawon bodi ba, bai matso miki da kan keke kusa ba, bai kuma sauke sandar da ke tsakanin sirdi da kai ba. In zagayen unguwa ne ba za ki ji komai ba. Amma tsakaninmu da Argungu kusan kilomita 100 ne, kuma wadda take miƙa hannu da ƙyar kafin ta kamo birki, tun ba a yi nisa ba wuya da kafaɗa da tsintsiyar hannu za su fara ciwo.

Kafin ki koma kasuwa, ari tef ɗin tela. Ki cire takalmi, ki jingina bayanki da bango, ki sa littafi mai kauri tsakanin ƙafafunki ki ɗaga shi har ya tokare, sai ƙanwar maigidan ta auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Mace mai tsawonki takan samu wajen santimita 68 zuwa 70. Wannan lambar za ki riƙe. A kasuwa ba sai kin ɗaga ƙafa kin haye keke gaban mutane ba, ki sa tef daga ƙasa zuwa tsakiyar sandar sama. Dole sandar ta gaza lambarki da santimita 3 zuwa 5. In ba ta gaza ba, ki wuce, komai kyan fenti. Sai awo na biyu: daga tsakiyar sandar da feda ke juyawa a kanta zuwa bakin bututun da sirdi ke shiga. Ke inci 13 ko 14 kike nema, wato santimita 33 zuwa 36. Wasu kekunan akwai lambar a liƙe jikin bututun.

Sai maganar wili, inda mafi yawan gajerun mata ke cutuwa. Kekunan tsere da yawancin na doguwar tafiya suna zuwa da babban wili mai faɗin milimita 622, wanda ya fi wanda ake kira inci 26 girma. In aka cusa wannan wili a ƙaramin bodi, gaban keken yakan yi tsawo, kuma in kika karya kwana a hankali yatsun ƙafarki na iya bugun tayar gaba. Matsalar ba sabuwa ba ce. Wata injiniya a Amurka, Georgena Terry, ta kafa kamfanin kekunan mata a 1985, kuma a ƙananan kekunanta wilin gaba inci 24 ta riƙa sawa don bodin ya dace da gajeriyar mace. Kamfanin Surly ma, a kekensa na doguwar tafiya mai suna Long Haul Trucker, ƙananan bodi daga santimita 42 da wili inci 26 ya yi su. Na kawo sunan ne don ki ga masu sana'ar sun san da mu. Lokacin da ake yinsa, sabonsa ya haura dala 1,000, ba na adashe ba ne, kuma ba ki buƙatarsa.

Abin da nake so ki nema shi ne tsohon keken hawan dutse na ƙarfe, irin waɗanda Trek da Giant da Specialized suka yi ta yi a shekarun 1990, mai wili inci 26, marar shok gaba da baya. Wajen masu kekunan gwanjo ake samun su. Bodinsu yana da ƙwari, suna da giya uku a gaba da bakwai ko takwas a baya, kuma galibi akwai ƙananan ramukan noti kusa da wilin baya inda ake ɗaura kariya, wato mazaunin kaya. Ki duba ramukan nan da idonki, don in babu su jakunkunan gefe ba su da mazauni. Na ce ƙarfe ne don in wani wuri ya tsage a hanya, kowane mai walda a ƙauye zai ɗinke shi, aluminiyam kuwa sai an nemi gwani. Nawa haka na same shi, inci 14, an jingine shi cikin na yara ƙura ta rufe shi. Saboda haka ki leƙa wannan layin ma. In Sakkwato ta gagara, ki aika da awonki a rubuce ga wani amintacce a Kano, can kaya sun fi yawa.

Waɗannan sababbi masu walƙiya da sifirin a tsakiyar bodi, ki kau da kai. Nauyi gare su, sifirin ɗin yana shanye ƙarfin tuƙi, kuma ba wurin ɗaura kariya. Nan ne araha ba ta ado. Phoenix da Raleigh na iyayenmu kuwa, mai wili inci 28, ya ɗauki buhu ya ɗauki itace, amma ba a yi shi don mai tsawonki ba.

Akwai keken mata na Japan mai kwando a gaba, wanda ba shi da sandar sama. Ina son keken nan, yana da murfin sarƙa, hawansa ba ɗaga ƙafa, kuma don zuwa makaranta daga Mabera babu kamarsa. Sai dai giyarsa ɗaya ce ko uku, ga nauyi, don haka doguwar hanya da kaya za ta wahalar da ke. Akwai kuma tarko a tayarsa. Shi ma 26 ake rubutawa, amma ba ɗaya ba ne da 26 na keken hawan dutse. Ki duba ƙananan lambobin da ke jikin taya: na Japan yawanci 590 ne, wanda nake nufi kuma 559. Tayar wannan ba ta shiga wilin wancan, ko mai faci ya kwana yana fama. In kika ci karo da bodi marar sanda, mai 559 da giya da yawa, to kin dace, kada ki bari ya kwana a shago. Shi kuma na yara mai inci 24 da aka nuna miki, ba raini ba ne, yana iya yi miki daidai. Matsalarsa kayan jikinsa ba su cika juriya ba, shi ya sa nake ajiye shi a matsayin mafita ta ƙarshe.

Ranar saye ki tafi da mai gyaran keke naki, ba wanda mai shago ya kira ba. Ya duba bayan wuyan keke, in fenti ya tattare a wurin to an taɓa karo da shi, bodin ya lanƙwashe. Ya tsaya gaba ya ga ko fok ɗin, wato ƙarfen da ke riƙe wilin gaba, a miƙe yake. Ya kwance notin sirdi ya tabbatar sandar tana hawa da sauka, domin wadda tsatsa ta cinye ta manne ba ƙaramin aiki ba ce, kuma ke ce kika fi kowa buƙatar ta motsa. Ya juya wili ya ga ba ya rawa, ya ƙirga wayoyinsa. Mai 36 ya fi ɗaukar kaya, 32 ma ya ishe ki tunda ba ki da nauyi.

Kada ki zuba kuɗin adashen duka a kan keken. Ki ware kashi ɗaya cikin uku don gyara: sabuwar taya mai kauri, faɗin inci 1.75 zuwa 2, tib biyu na ajiya, robar birki da wayarsa, boris da giris, kariya mai ƙwari. Taya dai kada ki yi mata rowa, kin san tsidau a gefen hanyoyinmu. In kan keken ya yi miki nisa, a canza wuyansa da gajere, abu ne mai sauƙi. Yawancin hannuwan birki suna da ɗan ƙaramin noti da ake ɗaurewa hannun ya matso kusa da yatsu, kuma masu gyara da yawa ba su damu da shi ba sai an ce su taɓa. Ƙarfen da ke riƙe feda ma akwai lambar tsawonsa a bayansa, galibi 170. In an samu 165 ko 160 a canza, gwiwarki za ta huta.

Akwai wani abu a tambayarki da nake so in tsaya a kai. Kin ce in kin tsaya ƙafarki ba ta taɓa ƙasa. Ko a keken da ya dace da ke, in sirdi yana inda ya kamata, tafin ƙafa ba zai shimfiɗu a ƙasa kina zaune ba, sai dai yatsu. Ana saita sirdi ne da feda: ki zauna, ki sa dunduniya a feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Masu lissafi sukan ninka awon ƙafa da 0.883, wato mai santimita 70 sirdinta zai kai wajen 62 daga tsakiyar sandar feda. In za ki tsaya, sai ki zame gaba ki sauka daga sirdin, ƙafa biyu a ƙasa. Dalilin da na matsa kan tsawon sandar sama ke nan. Sirdin da aka sauke don jin tsoron faɗuwa shi ke kawo ciwon gwiwa.

Sutura kuma, wando mai kauri da riga zuwa gwiwa, da hijabi gajere, sai hular kwano a sama. Dogon hijabi da wilin baya ba su jituwa, mun ga abin da yake yi wa mata ko a kan kabu-kabu. Mutane za su kalle ki, wasu za su yi magana. Kina tare da mijinki da ƙanwarsa, cikin suturarki, ban ga abin kunya a nan ba.

Disamba da Janairu ne lokacin, don daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40. Ki sani iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Argungu kuma tana kudu maso yammacinmu. Zuwa iska na bayanki, dawowa kuwa gaba da gaba za ku yi, don haka ku ba dawowar lokaci mai yawa, ko ku ɗora kekunan a mota. Ƙaramin bodi gorar ruwa ɗaya yake ɗauka, sauran ki sa a jakunkunan gefe. Kafin babbar tafiyar, ki loda kayan da za ki tafi da su ki je Sifawa, inda Shehu ya zauna kafin ya dawo Sakkwato a 1815, ki dawo. Duk abin da zai yi ciwo a nan zai nuna kansa, sai a gyara tun kuna kusa da gida. Batun tsaro kuma ba a wasa da shi yanzu. Maigida ya je tasha ya tambayi direbobin hanyar ana gobe za ku tashi, ku bi babban titi kawai, ku fita bayan asuba, kuma la'asar ta same ku a masauki.