Juyen mai na farko a sabon babur: shin man giya daban yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi sabon babur 125 mai giyar ƙafa, ina kabu-kabu da shi a nan Damagaram, yanzu ya kusa cin kilomita 500. Wani bakanike ya ce a juyen farko sai an canza man giya daban da baƙin mai, wani kuma ya ce babu wannan zance. Wa zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa albarka, ya tsare hanya.

A kan irin babur ɗinka, bakanike na biyu ne ke da gaskiya. Baburan da suka cika titunanmu, irin su Haojue da Boxer masu giyar ƙafa, injin da giya da kuloci duk mai ɗaya suke sha. Ka juye baƙin mai, ka juye man giya ke nan. Masu man giya daban su ne sukuta marasa giyar ƙafa, waɗanda ke da ɗan akwati a jikin tayar baya mai cin abin da bai kai rubu'in lita ba, sai kuma tsofaffin babura masu hayaƙi da ake haɗa wa mai da fetur.

Amma don Allah kada ka ɗaga juyen nan. Sabon inji haƙoran giyarsa ba su gama zama da juna ba, suna gogayya suna zubar da garin ƙarfe, man kuma yana kwasarsa yana kaiwa ko'ina. Shi ya sa kamfanoni ke sa juyen farko tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000. Duba littafin da aka ba ka tare da babur. Ga mai kabu-kabu da ke yini cikin zafin Afirilu da ƙurar hunturu, ni na fi son a yi da wuri.

Ranar juyen ka tsaya a wurin da kanka. A tada injin ya yi ɗumi, a kafe babur a tsaye cak, a kwance notin ƙasa, a tari man a kwano mai tsabta. Fita da kwanon rana ka karkata shi. In ka ga ɗan ƙyalli-ƙyalli mai laushi, wannan ba komai, aikin sabunta ne. In kuwa ka ji ɓarɓashin ƙarfe kamar tsakin gero tsakanin yatsunka, ko man ya yi fari-fari alamar ruwa ya shiga, mayar da babur wurin dillali tun da sauran magana. A ciro 'yar rariyar mai a wanke, kuma kada ka yarda a ɗauraye cikin injin da fetur ko kananzir. Noti a ɗaure shi da hankali, domin jikin injin alminiyom ne, zarensa na saurin cinyewa.

Wurin zaɓen mai ne na fi ganin ana cutar babura. Nemi galan a rufe mai rubutun 4T da JASO MA ko MA2, wato alamun man da ya dace da injin babur da kulocinsa, mai nauyin da littafi ya faɗa. 20W-50 ya dace da zafinmu a yawancinsu. Man mota na zamani yana iya sa kuloci santsi, ka ba shi wuta ya yi ta ƙugi ba gudu. Man giyar mota mai lamba 90 kuwa kada ya kusanci injinka, ba don injin babur aka yi shi ba. Na kwalba da ake aunawa a bakin titi, ba ka san me ke ciki ba.

Yawanci kusan lita ɗaya yake ci. Bayan an zuba, a tada injin kaɗan, a kashe, a jira mai ya sauka, sannan a gwada: ya tsaya tsakanin alamar sama da ta ƙasa a jikin ma'aunin mai. Washegari ka leƙa ƙarƙashin babur ko akwai ɗigo, kuma ka rubuta kilomitan da aka yi juyen, musamman in kana yawan zuwa Mirriya ko Magarya, don ka san lokacin na gaba.