Faifan Montalbano ko kuɗin makaranta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata huɗu ina aiki a wata masana'anta kusa da Brescia, arewacin Italiya. Ina jin abin da ake faɗa a wurin aiki, amma da zarar an ja magana sai in ɓace. Badi nake son neman takardar zama ta dogon lokaci, an ce sai na ci jarrabawar harshe. Wani abokin aikina ya ce in sayi cikakken jerin faifan DVD na shirin ɗan sandan nan Montalbano, wai shi ya buɗe masa kunne. Kuɗin hannuna ba su kai in sayi faifan kuma in biya makaranta ba. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Wa'alaikumussalam, ɗan'uwa. Ka riƙe kuɗinka tukuna, domin akwai yiwuwar ka sami duka biyun ba tare da ka kashe abin a zo a gani ba.

Mu fara da shirin. Il commissario Montalbano na gidan talabijin na gwamnati, RAI, ne. An fara nuna shi a 1999, aka rufe a 2021 da kashi 37, kowane kashi kusan minti ɗari. Luca Zingaretti ne ya fito a matsayin shugaban ofishin 'yan sanda na wani gari da babu shi a taswira, Vigàta, a tsibirin Sisili, kuma an ciro labaran ne daga littattafan Andrea Camilleri, ɗan Porto Empedocle da ya rasu a 2019. Abokinka bai yi ƙarya ba, shirin na buɗe kunne. Labarin kisa yana da wata fa'ida ga mai koyon harshe: ɗan sanda zai yi wa mutum biyar tambaya iri ɗaya. Ina kake daren jiya? Da ƙarfe nawa ka fita? Wa ya gan ka? Kafin a kama mai laifi ka ji kalmomin lokaci da wuri da aikatau na abin da ya wuce sau ashirin, kuma son sanin wanda ya yi kisan ba zai bari ka kashe talabijin ba.

Matsalar ita ce bakin da ake yi a ciki. Camilleri ya gauraya Italiyanci da karin Sisili da gangan, shirin kuma ya ɗauki wani kaso na wannan gaurayen. Yadda jarumin ke gabatar da kansa ma, "Montalbano sono", ginin Sisili ne mai kai aikatau ƙarshe. A Brescia "sono Montalbano" za a ce. Za ka ji "taliare" inda littafin makaranta zai ce "guardare", wato duba. Za ka ji ana yawan amfani da sigar aikatau da ake kira passato remoto, ta abin da ya daɗe da wucewa, har ga abin da ya faru ɗazu, alhali mutanen arewa kusan ba sa taɓa ta a hira. Sannan ga Catarella, ɗan sandan da ke ɗaukar waya, wanda duk barkwancinsa a kan kwaɓa harshe aka gina shi. Ba'italiye na dariya don ya san daidai; kai da ba ka sani ba sai ka haddace kwaɓar. Ka kwatanta da baƙon da ya koyi Hausa a bakin ɗan wasan barkwanci mai kwaikwayon gwaranci, sannan ya shiga ofis a Kano neman aiki.

Jarrabawar da kake magana a kai matakin A2 ce, wato mataki na biyu daga ƙasa a ma'aunin iya harshe na Turai. Ba kaifin kunne kaɗai ake dubawa ba, za a ba ka gajeren rubutu ka karanta, ka kuma rubuta saƙo ko ka cika fom. Wannan ba ya samuwa a kan kujerar falo. Ka nemi CPIA mafi kusa da kai, makarantun gwamnati ne na yaƙi da jahilci da koyar da manya, suna da azuzuwan yamma ga ma'aikata, kuɗin rajistarsu ɗan kaɗan ne. Babban abin shi ne, shaidar A2 da suke bayarwa bayan kammala kwas tana wadatar da kai daga zama jarrabawar da ake nema ta ofishin Prefettura, wakilin gwamnatin ƙasa a lardi. In kuma kana da burin zama ɗan ƙasa nan gaba, tun ƙarshen 2018 matakin B1, na gaba da A2, ake nema, don haka hanyar makarantar ce dai za ka bi.

Kallon kuwa, kada ka saya sai ka duba kyauta. Tashar Rai 1 na yawan maimaita Montalbano, manhajar RaiPlay kyauta ce a cikin Italiya, kuma idan takardar wutar gidanku da sunanka take, tun 2016 a cikinta ake cire harajin talabijin, ka ga kana biya ko ka kalla ko ba ka kalla ba. Ɗakunan karatu na ƙananan hukumomi ma suna ba da aron faifai ga mai katin rajista.

Ni da Don Matteo zan fara in ni ne kai. Shi ma bincike ne na kisa, tun 2000 ake yin sa, Terence Hill ya daɗe yana fitowa a matsayin limamin coci mai riga jandarmomin Carabinieri gano gaskiya, a Gubbio sannan Spoleto. Yawancin kashinsa ba su wuce awa ɗaya ba, maganar a hankali take, kuma ta fi kusa da Italiyancin makaranta. Labarin bai kai na Montalbano daɗi ba, wannan kam ban musa ba. Ka bar Sisili sai ka yi wata shida a aji, lokacin da za ka iya rarrabe tsaki da tsakuwa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Kano, ina shirin neman gurbin karatu a Italiya. RaiPlay ba ya buɗe mini yawancin shirye-shirye. In zan sayi faifai, mai fassarar Turanci a ƙasan allo zan nema ko mai rubutun Italiyanci?

Amsa: Malama, mai rubutun Italiyanci. Faifan da aka buga don kasuwar Ingila, inda tashar BBC Four ta yi ta nuna Montalbano, fassarar Turanci ke kansa, kuma ido ya fi kunne sauri: za ki gama kashi goma kin ƙaru da labari, ba ki ƙaru da harshe ba. Ki nemi bugun Italiya, ki duba bayan kwalin ki ga an rubuta "sottotitoli in italiano". Ki lura kuma faifan Turai na shiyya ta 2 ne, Najeriya na shiyya ta 5, don haka ki tabbata na'urarki ko kwamfutarki za ta karɓa. Kashi biyu ko uku sun ishe ki. Ki kalli minti goma da rubutu, ki maimaita babu rubutu, ki tsayar ki faɗi abin da aka faɗa da ƙarfi.

Bahaushiya tana da garaɓasa a nan. Ninka baƙi da ke wahalar da Turawan Ingila ke kin tashi da shi: yadda "baba" ya bambanta da "babba", haka "nono", na tara, ya bambanta da "nonno", kaka namiji. Harafin c a "ci" da "ce" yadda muke furta shi suke furtawa, kuma yawancin sunayen mace da a suke ƙarewa, kamar namu. Sai dai jami'o'i da dama matakin B2, na gaba da B1, suke nema ga kwas ɗin da ake koyarwa da Italiyanci, da takardar shaida irin CILS ta Siena ko CELI ta Perugia. Ragowar kuɗin faifan ki zuba su a littafin nahawu da kuɗin wannan jarrabawa.