Faifai ya maƙale a kwamfuta: a canja injin ko a sayi na waje?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da wanke hoto a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Na sayi iMac, wato kwamfutar tebur ta kamfanin Apple, ta hannu, irin wadda ba ta da tire, tsaga ce kawai a gefenta take zuƙe faifai. Wata Hajiya ta kawo faifan bikin 'yarta in kwafe mata a filash, kwamfutar ta haɗiye shi ta ƙi fito da shi. Yarona ya ce a sa tsinke a zaƙulo, mai gyara kuma ya ce sai an canja injin faifan ɗungurungum. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, karɓe tsinken nan daga hannun yaron. Faifan ba a sake yake a ciki ba, wasu ƙananan hannaye ne suka ja shi suka ɗora kan sandar da ke juya shi, ta cafke shi ta tsakiya. Duk abin da ka zura, tsinke ko wuƙa ko reza, fuskar faifan zai karce. In CD ne ma abin ya fi muni, domin bayanan suna dab da samansa, ƙarƙashin fentin, kuma wurin in ya kwarzane ya tafi ke nan. Biki kuwa ba a sake shi.

Kashe kwamfutar. Danne maɓallin linzami, ka kunna ta, kada ka ɗaga yatsa sai faifan ya leƙo. Ka nemi linzami mai waya, don marar waya sau da yawa bai gama haɗuwa da kwamfutar ba a wannan lokacin, sai ka yi ta danna a banza. In ya ƙi, bari kwamfutar ta gama tashi, ka buɗe Terminal, wato manhajar da ake rubuta wa kwamfutar umarni a ciki, ka rubuta drutil eject, ka danna maɓallin Return.

Yanzu kasa kunne. In ka ji injin ya yi ƙugi, ya yunƙura kamar zai turo, sannan ya sake ja da baya, to umarni ya isa, ƙarfin turawa ne ya gaza. Ƙurar hunturunmu ta Katsina na da hannu a nan, haka ma sitikar da masu ɗaukar bidiyon biki ke mannawa a kan faifai da hoton ango da amarya. Zafi na sa gam ɗin ya saki, gefen takardar ya ɗago ya tokare bakin tsagar. Bar kwamfutar ta huce, ka shimfiɗa bargo, ku biyu ku karkata ta yadda tsagar za ta kalli ƙasa, ka maimaita umarnin. Da gefen faifan ya leƙo, kama shi da yatsu biyu ka jawo a hankali.

In duk bai yi ba, mai gyara zai shigo. A irin waɗannan iMac ɗin na 2007 zuwa 2011, maganaɗisu ne ke riƙe da gilashin gaba, wanda ya san aikinsa zai ɗaga shi ya kai ga injin. Ka yi ciniki da shi a kan ciro faifai kawai. Canjin inji ban ba ka shawara ba. Tun ƙarshen 2012 Apple ya daina sa wa iMac injin faifai, saboda haka abin da za a sa maka galibi daga wata tsohuwar aka kwance shi, tsufansu ɗaya da naka. Kuɗin nan ka sayi injin faifai na waje mai USB, mai tire. Duba gabansa ka tabbata akwai ɗan ramin nan kamar na allura, wanda in tire ya ƙi fita za ka zura siririyar waya ya buɗe ko babu wuta. Tafi da faifanka a gwada a gabanka kafin ka biya. Shagon da faifan jama'a ke shigowa kullum, wani a lanƙwashe, wani da maiƙo a jiki, tire ya fi masa rufin asiri.

Tambaya: Malam, daga Daura nake. Ɗan ƙaramin faifan da ya zo da firintata na tura a tsagar kwamfutata mai Windows, ya ɓace a ciki.

Amsa: Wannan tsagar an yi ta ne don faifai mai faɗin santimita 12, naka kuwa 8 ne, hannayen ba sa kama shi daidai. Kada ka bi shi da wani faifan. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta, karkata ta tsagar na kallon ƙasa, ka ɗan girgiza a hankali, sau da yawa da kansa yake zamowa. In bai fito ba, a kwance injin a ciro shi. Manhajar firintar kuma tana shafin kamfanin da ya ƙera ta a intanet, lambar samfurin kawai za ka rubuta ka sauke.