Hutu a Birane da Dama: Yadda Za Ka Nemo Masauki Mai Rahusa da Wayarka

Tambayoyin da suka fi yawa a wannan karon daga masu shirin hutu a ƙasashen waje suke, musamman waɗanda ba a birni ɗaya za su sauka ba. Na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maiɗakina muna shirin hutun mako biyu a Turai. Za mu bi ta Faris da Amsadam da Venis, mu ƙare a Roma. Na sauke manhajojin neman otal har biyar, kowace da farashin da take nuna mini, kaina ya kulle. Wacce ta fi araha?

Amsa: Wa alaikumus salam. Babu manhajar da ta fi sauran araha a kowane birni, kuma biyar ɗin nan da ka sauke wataƙila ba su kai biyar ba a zahiri. Booking.com da Agoda da Priceline da Kayak duk mallakar kamfani ɗaya ne, Booking Holdings. Hotels.com da Vrbo na Expedia ne, kuma shi ke da kaso mafi tsoka a Trivago. Sau da yawa ɗaki ɗaya ne kake ta gani a wurare daban-daban.

Ka fara da Google Maps. Ka nemi otal-otal a birnin, ka saka ranar shiga da ta fita da yawan mutane, taswirar za ta fito da farashi a kan kowane otal. In ka taɓa ɗaya, za ta jero maka abin da shafuka daban-daban ke nema a kan wannan ɗakin, wani lokaci har da shafin otal ɗin kansa. Kada ka tsallake wannan na ƙarshe. Otal na biyan manhajojin nan la'ada a kan kowane baƙo, don haka wanda ya zo masa kai tsaye yakan samu rangwame, ko a haɗa masa da karin kumallo. Daga nan ka sake duba ɗakin a manhajar waya bayan ka shiga da asusunka, domin akwai ragin da ba a nuna shi sai a waya, akwai kuma na masu asusu. Tsarin Genius na Booking.com, alal misali, yana farawa ne da ragin kashi 10 cikin 100 a otal-otal ɗin da suka shiga tsarin.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne, farashin da ke shafin farko ba shi ne abin da zai fita daga aljihunka ba. Ka bi matakan kama ɗakin har shafin ƙarshe, gab da biya, ka karanta ƙananan rubutun. A nan harajin baƙi yake ɓuya. Amsadam na karɓar kashi 12.5 cikin 100 na kuɗin ɗaki tun 2024. Faris da Roma da Venis kuwa a kan kowane mutum suke lissafa nasu a kowane dare, kuma galibi a teburin otal ake biya, ba a manhaja ba. Mutum biyu, dare goma sha huɗu, ka ga ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Tunda birane huɗu ne, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Buɗe Google Sheets, manhajar tsara jadawali, ka ba kowane birni layinsa: jimillar kuɗin ɗaki, haraji, da karin kumallo ko babu, kuɗin zirga-zirga daga masaukin zuwa wuraren da za ku je, da ranar ƙarshe da za ka iya sokewa kyauta. Sannan ka gwada juya jerin biranen kafin ka sayi tikitin jirgin ƙasa. Biranen hada-hadar kasuwanci irin su Farankifot sukan yi sauƙi a ƙarshen mako, na masu yawon buɗe ido kuwa a lokacin ne suke tsada. Babban biki ma na iya ninka farashi, kamar yadda ake gani a Munik daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, da Edinbura a watan Agusta.

Tambaya: Malam, an ce mini Airbnb, manhajar hayar gidajen mutane, ya fi otal sauƙi nesa ba kusa ba. Mu biyar ne da yara, kuma dare biyu-biyu za mu riƙa yi a kowane gari.

Amsa: Hajiya, yawanku ya sa gida guda zai iya fi muku ɗakunan otal biyu, ga kicin da za a dafa wa yara abin da suka saba, ga injin wanki a wasu gidajen. Matsalar tana ga dare biyu-biyun nan. Masu gidaje da yawa a Airbnb na ɗora kuɗin tsaftace gida, kuma sau ɗaya ake biyansa, ko dare biyu kika yi ko goma. In kika yi dare goma a gida ɗaya ba za ki ji shi ba. In kuwa gari biyar kika zaga, sau biyar za ki biya. Rangwamen mako kuma yana farawa ne daga dare 7, na wata daga dare 28, duk ba za su same ki ba. Ki kwatanta jimilla da jimilla, kada ki tsaya a kuɗin dare ɗaya.

Ki kuma sani wasu biranen sun matsa wa irin wannan haya. Niyu Yok ta fara aiwatar da dokarta a Satumban 2023, wadda ta taƙaita hayar gida ta ƙasa da kwana 30 ƙwarai. Basalona ma ta sanar a 2024 cewa za ta kawo ƙarshen lasisin gidajen saukar baƙi zuwa 2028. A irin waɗannan wurare, ki nemi otal mai ɗakin iyali ko otal ɗin da ɗakunansa ke da ɗan kicin. Ki leƙa Hostelworld ma. Mutane na zaton masaukan da ke cikinsa na gadaje ne kawai a ɗaki ɗaya da baƙi, alhali da yawansu na da ɗakin iyali mai makulli da bayinsa.

Tambaya: Na ga otal-otal na bayan gari sun kusa rabin farashin na tsakiyar birni. Me zai hana in kama can?

Amsa: Ka kama, in layin jirgin ƙasa ya haɗa su. Kada ka auna nisa da kilomita, ka auna shi da mintuna da kuɗin mota. Sanya adireshin otal ɗin a Google Maps, ka nemi hanyar jirgin ƙasa ko bas zuwa wurin da za ka fi zuwa, sannan ka sauya lokacin zuwa ƙarfe 11 na dare. Wannan gwajin ne ke tona asirin otal. Wurin da ke da bas kowane minti goma da rana, da dare yana iya zama sai tasi, kuma tasi biyu sun isa su cinye ragin da ka samu.

Misali mai kyau shi ne Venis. Garin Mestre na kan tudu, tsallaken gada, jirgin ƙasa na kai ka tashar Santa Lucia cikin kamar minti 10, kuma ɗakuna sun fi na cikin tsibirin sauƙi. Misali marar kyau shi ne wanda ya ga "kusa da filin jirgin Faris" ya kama ɗaki a garin Beauvais, wanda ke da tazarar sama da kilomita 80 daga birnin. Araha ba ta ado.

Akwai kuma dabarar da masu zaga birane ba su cika tunawa da ita ba: ba kowane gari da za ka gani ne sai ka kwana a cikinsa ba. Daga Osaka zuwa Kiyoto kamar rabin sa'a ne a jirgin ƙasa, daga Fulorens zuwa Pisa kamar sa'a ɗaya. Ka zauna a wuri guda, ka riƙa zuwa kana dawowa. Duk sauyin masauki yana cin rabin yini, domin yawancin otal na so ka fita wajen ƙarfe 11 na safe, na gaba kuma ba zai ba ka ɗaki ba sai ƙarfe 2 ko 3 na rana. Inda tafiyar ke da nisa, jirgin ƙasa na dare irin Nightjet na Ostiriya yana haɗa maka tafiya da makwanci a tikiti ɗaya.

Tambaya: Gaskiya ne in na yi ta duba otal ɗaya, shafin zai gane ni ya ƙara kuɗi? Wani ya ce in yi amfani da VPN.

Amsa: Abin da ya fi sauya farashi shi ne yawan ɗakunan da suka rage da kusantowar ranar. Buɗe burauza a yanayin sirri ba ya cin komai, ka gwada ka kwatanta. VPN kuwa, wato manhajar da ke nuna kamar daga wata ƙasa kake shiga intanet, ban ba ka shawara ba wajen biya. Bankinka na iya ganin kati daga wata ƙasa, haɗin intanet daga wata, ya toshe cinikin, wasu farashin kuma na mazauna ƙasar ne kawai, ana iya neman shaida a teburin otal.

Tambaya: Malam, ɗaki iri ɗaya farashi biyu: mai sauƙin ba a mayar da kuɗi, mai tsadan ana iya sokewa. Ni kuma ban ma samu biza ba tukuna.

Amsa: To kada ki taɓa wanda ba a mayar da kuɗi yanzu, komai kyan ragin. Tafiyar birane da yawa kamar sarƙa take, in zobe ɗaya ya tsinke sauran sun zube. Biza ta yi jinkirin kwana uku, ko an soke jirgin farko, duk ranakun da ke baya sun goce, kuma otal huɗu ne za su riƙe kuɗinki a maimakon ɗaya.

Ki kama waɗanda ake iya sokewa kyauta a kowane birni. Takardunsu ne ma za ki kai ofishin jakadanci, domin bizar Shengen, wadda ta haɗa ƙasashen Turai 29, na buƙatar shaidar masauki. A ofishin ƙasar da za ki fi daɗewa ake nema, in kwanakin sun zo daidai kuma sai ta ƙasar da za ki fara shiga. Mai tambayar farko, alal misali, in kwanakinsa na Venis da Roma sun fi na sauran, Italiya zai nufa ko da a Faris zai fara sauka. Ki tabbata masaukan na gaske ne da kike da niyyar zama, domin jami'in kan iyaka ma na iya neman ganinsu.

Ranar ƙarshe ta sokewa da agogon garin otal ɗin ake lissafa ta, ba da naki ba. Ki saka tunatarwa a kalandar wayarki kwana biyu kafin kowace. In biza ta fito, tikiti ya tabbata, sai ki sake duba farashi. In ya sauka, ki kama sabon ɗakin tukuna, ki ga saƙon tabbatarwa ya shigo, sannan ki soke tsohon.

Tambaya: Bayan na kama ɗaki, saƙo ya shigo mini a cikin manhajar da sunan otal ɗin, wai katina bai wuce ba, in latsa wani adireshi in sake saka bayanan cikin sa'a 24 ko a soke. Sun san sunana da ranakuna. In saka?

Amsa: Kada ka saka, Alhaji. Wannan damfara ce da aka sha ba da rahotonta tun 2023. 'Yan damfarar na sace bayanan shiga asusun otal ɗin ne, shi ya sa saƙon ke zuwa ta hanyar da ka yarda da ita, da sunanka da ranakunka daidai. Alamarta ita ce gaggawa da adireshin da zai fitar da kai daga manhajar. Rufe saƙon, ka buɗe ajiyar ɗakinka a manhajar ka ga ko akwai matsalar biya da gaske, sannan ka kira otal ɗin da lambar da ke shafinsa na ainihi, ba wadda ke cikin saƙon ba. In ka riga ka saka bayanan, ka kira bankinka yanzu a rufe katin.

Haka duk mai gidan da ya ce ku koma WhatsApp ka tura masa kuɗi kai tsaye zai rage maka. Airbnb na riƙe kuɗin ne har sai baƙo ya shiga gidan, da zarar ka biya a waje ka rasa wannan kariyar. Kafin ka kama ɗakin da arhar sa ta ba ka mamaki, sanya hotunansa a Google Lens, mai binciken hoto, ka ga ko daga wani wuri aka kwaso su, ka leƙa titin a Street View, ka kuma jera ra'ayoyin baƙi daga sabo zuwa tsoho. Abin da mutane uku suka faɗa a watan jiya ya fi makin da aka tara shekara biyar.

Tambaya: Me ya kamata in shirya a wayata kafin in tashi?

Amsa: Na farko shi ne lambar tabbatarwa da banki ke turowa. In ta saƙon tes take zuwa, kuma ka cire layinka ka saka na ƙasar da ka je, ba za ka iya biyan komai a intanet ba. Ka bar layinka a ciki, ka kunna masa aiki a ƙasar waje amma ka kashe masa data, ka sayi eSIM na data, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da kati ba, in wayarka na ɗauka. iPhone ya fara ɗauka tun samfurin XS na 2018. Ka tafi da kati biyu, domin otal kan riƙe wani kuɗi a katin a matsayin jingina, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin a sake shi, alhali otal na gaba na jiran nasa. In na'urar biya ta tambaye ka da kuɗin wace ƙasa za ka biya, zaɓi na ƙasar da kake ciki, canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada.

Ka ɗauki hoton takardar kowane masauki, ka sauke taswirar kowane birni a Google Maps don amfani ba tare da intanet ba. Ka sani dai taswirar da aka sauke ba ta nuna hanyar bas da jirgin ƙasa, don haka ka ɗauki hoton hanyar daga tasha zuwa otal tun kana da Wi-Fi.

Ka kuma lura da jirgin da ke sauka bayan tsakar dare. In za ka isa ƙarfe 1 na daren da zai wayi garin 12 ga wata, daren 11 za ka kama, ba na 12 ba. Ka tura wa otal ɗin saƙo cewa za ka makara, ka tambaya ko akwai mai karɓar baƙi a wannan lokacin ko lambar buɗe ƙofa za su turo maka. In ba su ji daga gare ka ba, suna iya ɗauka ba ka zo ba, su cire kuɗin daren, su soke sauran kwanakin gaba ɗaya.