Me ya sa girman ƙadangaru yake bambanta daga wuri zuwa wuri?

Malam, ka tambaya ko sanyin garin Ngaundere na Kamaru ne ya sa kake ganin ƙadangarun can ba su kai na garin Marwa, da ke arewacin ƙasar, girma ba. A 1847 Bajamushe Karl Bergmann ya lura cewa dabbobi masu ɗumin jini sun fi girma a ƙasashe masu sanyi, amma ƙadangare da rana yake ɗumama jikinsa, don haka sau da yawa lamarin yakan juye, tunda ƙarami ya fi saurin ɗaukar zafi da safe. Yawan ƙwarin da damina ke kawowa ma yana da tasiri. Sai dai ka tabbata iri ɗaya kake kwatantawa, domin jan gwada namiji ya fi macen girma, guzan kogin Binuwai kuwa, mai kaiwa mita 2, dangi ne daban.