Gogen Turawa a kasuwar gwanjo

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne ɗan Damagaram ina karatu a Lyon, ran Lahadi a kasuwar gwanjo na ci karo da wani tsohon gogen Turawa, mai shi ya ce wai viola ce ta Faransa, da na leƙa ciki sai ga takarda an rubuta Stradivarius. Don Allah in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Takardar nan kam kar ta ruɗe ka. Stradivari, mai wannan sunan, shahararren maƙerin goge ne mutumin Italiya, a Cremona ya yi aiki har ya rasu a 1737, amma masana'antun garin Mirecourt da ke gabashin Faransa sun yi ta fitar da goge dubbai a ƙarni na 19 suna manna sunansa a ciki, nufinsu dai samfurinsa suka bi.

Ita viola yayar violin ce, wato ƙaramin gogen Turawa, jikinta ya kai santimita 40 ko 41, ƙanwar kuma 35 da ɗoriya, tsarkiya huɗu gare ta, muryarta ta fi kauri. Fuskar itacen spruce ne, bayan da wuyan kuma maple mai zane-zane kamar harshen wuta, kuma doron nan nasu sassaƙa shi gwani yake yi da hannu. To ka duba kan nan da ya nannaɗe kamar dodon koɗi, a nan hannun mai aiki ke tonuwa, sannan siririn layin da ya zagaye gefe, mai kyau rami ake sara a cusa itace falle uku, na arha kuwa wani lokacin zane ne kawai da fenti. A ciki akwai ɗan sanda a tsaye tsakanin fuska da baya, ko gam ba a sa masa, Faransawa na ce masa âme, wato rai, in ya ɗan goce murya ta canza.

Manyan gwanayen ƙera goge na Faransa su ne irin Nicolas Lupot da Jean-Baptiste Vuillaume, shi wannan haifaffen Mirecourt ne a 1798, ya koma Paris, shagonsa ya ƙera sama da 3,000. Aikin irin waɗannan da wuya ka tsince shi a shimfiɗe a gwanjo gaskiya.

Kafin ka cire ko sisi ka roƙi mai shi ku je wurin mai gyaran goge, luthier suke ce masa, ya duba ko bayan ya tsage daidai gindin sandan nan, don wannan tsagar ce ta fi karya farashi.