Kartar mutanen Nijar da ka gani a Gangare

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga 'yan Nijar biyu a teburin mai shayi a Gangare suna karta da kati shida-shida, ba zuwa kasuwa, ba ɗaukar biyu, har kake tambaya ko wot ce suka lalata. Ba wot ba ce. Sunan wasan agram, an san shi a Nijar da Mali. Mutanen Gana ma suna da ɗan'uwansa, spar, su biyar-biyar suke rabawa.

Da kati mai 52 ake yi, amma sai an rage shi. A fitar da masu hoto duka 12, da masu lamba 2 guda huɗu, da A na baƙin nan mai kan mashi. Saura 35. A ne babba, sai 10, sai 9, har ƙasa zuwa 3. Mai rabo ya cakuɗa, ya ba kowa uku, ya ƙara uku. Sauran 23 a kife su, ba mai taɓawa.

Wanda ba shi ya raba ba shi ke fara saukewa. Duk dangin da ya sauke, ko zuciya, ko daimon, ko ganye, ko mashi, dole ka bi shi da irinsa in kana da shi. Mai babba a dangin ya ci zubin, shi zai fara na gaba. In ba ka da shi ka yar da wanda ka ga dama, amma ko A ka yar ba ka ci ba.

Inda baƙo ke ruɗewa shi ne, zubi shida ake yi, na ƙarshe kaɗai ake lissafawa. Ka ci biyar a jere, ya ci na shida da 3, shi ya yi nasara. Biyar ɗin farko leƙen hannun juna ne. Ka riƙe a ranka dangin da ya kasa bi, don ko ƙaramin wannan dangin ka sauke, in saukewa taka ce, ba shi da abin tare ka. Masu ɓoye A tun farko kamar kuɗin adashi kuwa, sau da yawa a hannunsu yake mutuwa: saukewa ta koma wurin abokin wasa, ya kawo wani dangi dabam.

Ga misali. Zubi na biyar, kai ke saukewa, saura A na zuciya da 3 na ganye a hannunka. Fara da 3. In ba shi da ganye, ka ci, A ya rufe wasa. In yana da ganye ya ci, to har yanzu in na ƙarshensa zuciya ne ya faɗo bakin A ɗinka. Ka fara da A kuwa, in yana da ganye shi zai adana, 3 ɗinka ya tafi a banza.

Kuɗi kam kada ya shigo, ko na shayi ne. Da ya shigo ta zama caca, ka san hukuncinta. Rigimar da ta fi tashi ita ce mutum ya ƙi bin dangi alhali yana da shi. Kama shi ba wuya, tunda dole katin ya fito kafin a tashi. Ku yanke tun kafin rabo cewa wanda aka kama ya faɗi wannan hannun, kuma a bar katunan da aka sauke a buɗe gaban kowa don a iya komawa a duba.

Kawunka